Ido Ɗaya na Motar Nomau

Ranar Laraba, bayan la'asar, a Ƙofar Ruwa,
ina tsintar notuna cikin tsohon kwanon sha,
sai ga mace da ƙunshi a tsumman atamfa,
ta rungume shi kamar mai kai jariri gun wanzami.

Ta ce, "Tabawa nake, daga Yakasai.
An ce kai kake sanin garin su ƙarfe.
Ta mahaifina ce. Ban tashi na gan shi ba.
Ita ya bari, sai bashin mai gero."

Na kwance ƙulli.
Fitilar babbar mota, faɗin faifai,
tsatsa ta rine mata baki
yadda goro kan yi wa haƙoran tsoho.

Na ce, zauna, ƙarfe ba ya amsa wa mai gaggawa.
Na ɗiga kananzir, na goga da haɓar riga,
na gyara zaman tabarau.
Kowace fitila da tsagar gidansu,
ta wannan a gilashi take, siri-siri,
duk ta karkata hagu.
Ashe kin girmi canjin hannu, baiwar Allah,
kin ga zamanin fam da sule,
lokacin da mota ke bin ɗaya gefen kwalta.
A gindi ga haruffa uku da rabin lamba,
sauran hanya ta lashe.
Jirgin ruwa ya sauke ki a Ikko,
na ƙasa ya ƙaraso da ke nan.

Amma zoben bakinki ba na Turawa ba ne.
Na bi shi da farce, na ji sawun guduma,
ɗaya bayan ɗaya, kamar kaza ta bi rairayi.
Tasar tagulla ce aka yanka aka lanƙwasa,
bugun maƙeran bayan Kurmi,
waɗanda ba sa sa suna a aikinsu.

Sai na buɗe cikin.

Waya biyu, an murɗe su a baibai,
murɗin bahago,
an ɗora musu dalma guda, ƙatuwa,
irin ta yaron da ke tsoron kada aiki ya kwance.
Na dubi hannuna na hagu.
Shi ma kamar ya dube ni.

Shekarata goma sha uku, rumfar Cindo a Fagge,
maigida ya tafi masallaci,
ga dogon direba mai wushirya yana sauri,
lodin fatu na jiran dare.
Na yi abin da ba a sa ni ba.
Ya cilla mini sule, ya ce,
"In ta mutu a hanya, yaro,
zan dawo in ja kunnen nan."
Na yi wata guda ina ɓuya in na ji ƙugin mota.
Bai dawo ba.

Ƙwan ciki ya daɗe da mutuwa.
Na ɗauko wani a akwatin da ba na sayarwa,
na kafa waya a kan batir.
Haske ya fito, ja-ja, kamar man shanu a wuta,
ya haye tulin tayoyi, ya tsallake kwata,
ya sauka a fuskarta.
Ta kare ido, ta yi murmushi.
Ga wushiryar.

Ta ce, "To, 'yar ina ce?"
Na ce, gilashi na ƙetare, baki na Kurmi,
hanji nawa ne.
Tafiyar kuwa ta Nomau ce.
Ta ɗago kai, don ba ta faɗa mini sunan ba.

Ta kwance bakin zane za ta biya.
Na ce an biya tun ba a haife ki ba.

Ana kiran magariba, maƙwabta na jan ƙofofi,
ba ta tashi ba.
Ta matso da benci, ta ce,
"Bar fitilar tukuna.
Yaya muryarsa take?"